Tambaya Ba Gaisuwa

Malumfashi, daren Laraba

Yau na fara magana a guruf ɗinmu na koyon haɗa manhaja. Na yi sallama, na tambayi gida da damina. Kafin in kai ga tambayata, admin ɗinmu Yaya Nura ya rubuto: "Malama, nan ba gidan suna ba ne. Faɗi matsalarki ko a cire ki."

Shi fa nake haskowa in ina karanta littafin soyayya!

In aka cire ni, wa zai duba min inda manhajata ta maƙale?

Ɗazu na tura tambayar ita kaɗai, kamar akuya ta faɗo gida. Sallamar a bakina na yi ta, a hankali. Yaya Nura ya karanta. Bai amsa ko ɗaya ba.