Yaya Lawal Yana Jiran Idonsa Ya Nuna

Zuwa ga 'yata Zubaida, a birnin Alƙahira.

Aminci da rahamar Allah su lulluɓe ki, ke da maigidanki Malam Imran da yaranku. Ina roƙon Mai kowa Mai komai ya sa wannan takarda ta same ku cikin lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya buɗe miki ƙofofin karatun da ya kai ki nesa da mu. Mu nan Kiru sai godiya. An kai amfanin gona gida, masara ta yi albarka, Hussaina ta sauka lafiya an sami namiji, an raɗa masa Mudassir.

Kin tambaye ni ta waya dalilin da ya sa mahaifinki, Yaya Lawal, yake ta ɗaga ranar aikin idonsa, na ce miki amsar ta fi ƙarfin waya. Kin taso ne bayan ya riga ya zama babban mutum, ni kuwa na ga farkon abin, shi ya sa zan ɗauko miki daga tushe.

Da ya gama makaranta ya kama aikin akawu a wani kamfanin inshora a Kano, dattawan garinmu Badafi suka ce ɗan Malam ya tafi jayayya da ƙaddara. Ya amsa musu da ladabi cewa shi ba ya hana gobara tashi, yana dai tara jama'a ne su ɗauki nauyin wanda ta ci tun kafin ta ci shi. Daga wannan kujera ya yi ta hawa har ya zama manajan darakta a Legas, kuma shi ya matsa aka buɗe sashen takaful, wato inshorar Musulunci, domin mutanenmu masu ƙyamar kuɗin ruwa. Sai dai ba hawan ne ya fitar da sunansa ba, yadda yake juya dukiyar da aka ba kamfanin amana ne. Ba ya sayen hannun jarin da ake rububi. Wanda aka guda yake nema, ya je masana'antar da ƙafarsa, ya zauna da masu gadi ya ji ko ana biyansu albashi a kan kari, ya dubi motocin da ke fita da kaya. In ya gamsu ya saya da arha, sa'an nan ya naɗe hannu shekara da shekaru.

A shekarun da kasuwar hannun jari ta haukace, har masu shayi suna cin bashin banki suna saye, shi ya ƙi motsi. Wani daga cikin daraktocinsu ya ce masa a gaban taro, in barci yake so ga bakin dam ɗin Tiga can, akwai iska mai daɗi. Da kasuwar ta rushe, kamfaninsu na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da biyan diyya ba tare da jan ƙafa ba, a lokacin ne kuma ya fito ya yi sayayyarsa. Ko da ya yi ritaya ya dawo gida halin bai bar shi ba. Kowace bazara yana kasuwar Tudun Wada yana duba haƙoran shanun da makiyayan dajin Falgore suka kawo a rame, ya saya, ya jira damina. Jira bai taɓa ba shi kunya ba, abin da ya kawo mu inda muke ke nan.

Likitan ido a Kano ya ce yana da yana a ido biyu, amma ba ita ce abin tsoro ba. A ƙarƙashinta akwai hawan jinin ido, wanda yake cin gani daga gefe a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ɗigon maganin da aka ba shi ya daina riƙewa, sai aiki. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, da muka shiga mota ya ce mini kakanki ma ya yi yana, kuma sai da aka bari ta nuna sarai kafin a cire, ya rasu yana karatun Alƙur'ani ba tabarau. Ya ce duk mai ce maka yi sauri ƙofa za ta rufe, to yana da abin sayarwa. Na ce masa ciwon kakanki daban, nasa daban. Ya ce ni malamin makaranta ne mai waƙe-waƙe, komai sai na zuzuta. Matarsa Hajiya Furera kuwa ta ce masa ita ma ta gane ajiye ta ya yi yana jiran ta yi daraja, to ta yi, sai ya ji maganarta ya tafi asibiti. Ya yi dariya, bai tafi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da salla, Malam Ghali, abokinsa tun na ƙuruciya, ya miƙo masa hannu ta hagunsa. Hannun ya daɗe a miƙe, Yaya bai gan shi ba. Malam Ghali ya tafi yana cewa dama ya san arziki zai yi halinsa wata rana, sai da na bi shi har gida na yi masa bayani. Da na dawo na rubuta waɗannan baitoci, ban kuma karanta wa Yaya ba:

Ramamme ya saya ya jira ƙiba,
Ya daure wa gori ya kwashi riba,
Hasken ido kuwa in ya yi ƙaura,
Kasuwa ba ta taɓa maido shi ba.

Likitan ya ce idon hagu ya yi nisa, na dama ake ƙoƙarin ceta, kuma ba ya son a wuce watan gobe. Mu duka mun yi magana mun gaji. Ke kaɗai ce yake cewa kina kawo hujja kafin ki kawo hawaye, kuma ke kika karanci haɗa magunguna. Ki zo ki zauna da shi, ki shimfiɗa masa lamarin dalla-dalla yadda yake son a shimfiɗa masa rahoton kamfani, ki raka shi asibitin da kanki.

Hajiya Furera tana gaishe ki, haka Gwaggo Lubabatu ta Bebeji, da Zayyad da Mujitaba, da mai jego Hussaina. Ki miƙa gaisuwata ga Malam Imran, ki shafa mini kan Aisha Humaira.

Na gaya wa mahaifinki zan rubuto miki. Ya ce in gaishe ki, in kuma ja miki kunne kada ki kuskura ki yanki tikitin jirgi yanzu da 'yan Umara suka tsadar da shi, ki dakata sai ya sauko. Na isar da saƙonsa kamar yadda ya ba ni. Nawa saƙon kuwa shi ne ki yanka ranar da takardar nan ta same ki, ko nawa aka ce.

Baffanki mai yi miki addu'a kullum,
Hamidu