Matakin da Na Tsallake a Allo

Daren Laraba, Tudun Wada.

Yau a aji na rubuta hujjar da ke tabbatar da cewa, komai yawan bayanai, lokacin da manhajar kwamfutar da muke nazari za ta ci ba zai wuce iyakar da muka gindaya ba. Ina cikin keke wajen Gyallesu na tuna na tsallake mataki guda, wanda in babu shi hujjar ta rushe.

Na kira ɗalibata Hajara a waya. Ta ce, "Mun lura, Baba, amma wa zai gyara maka a gaban jama'a?"

Ya Allah, ranar da ƙwaƙwalwar nan za ta gaza, wa zai sanar da ni?