Batirin Fijo Ba Ya Kwana da Wuta

Agege, Legas
4 ga Yuni, 2001

Zuwa ga Yaya Isah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da dukan mutanen Funtuwa. Yaya ƙafar Inna? Matata Radiyya tana gaishe ku. 'Yarmu Baiwa ma da sauƙi, sai dai ka san mai sikila da damina, sanyi kaɗan gaɓoɓinta sun ɗauka.

Yaya, kai ne tsohon direba, shi ya sa na kawo maka kukana. Fijon da nake kabu-kabu da ita ta sa ni a gaba. In wuni ina jigila tsakanin Agege da Ojota lafiya lau, in gari ya waye in murɗa makulli, sai ta ce ƙas, shi ke nan. Kullum sai maƙwabta sun tura ni, har na fara jin nauyinsu. Na kankare kan batir, na ƙara masa ruwa, duk a banza. Ba aikin ne ya fi damuna ba. Ka san don Baiwa na sayi motar nan, saboda ciwonta ba ya sallama.

Ƙaninka,
Muhammad Sani

Agege
25 ga Yuni, 2001

Yaya Isah,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso ta hannun direban tumatir na kasuwar Mile 12. Na sa an duba altaneta kamar yadda ka ce, aka ce tana caji. Na sayi sabon batir, bai yi mako ba ya bi sahun tsohon. Wani mai wayarin ya ce akwai abin da ke shan wuta in mota tana kashe, ya zare fis ɗin wutar motar ɗaya bayan ɗaya, bai gano ba. Yanzu in na tashi aiki sai in cire kan batir. Wani lokaci dabarar ta yi, wani lokaci fitilu su kawo ja-ja, mota ta ƙi.

Idon Baiwa ya yi rawaya, abinci sai da lallashi. Ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa. Ku sa mu a addu'a.

Naka,
Muhammad Sani

Agege
16 ga Yuli, 2001

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na san saƙon rasuwar Baiwa ya riske ku. Ga yadda abin ya faru, don na kasa faɗa wa kowa da baki.

Ranar Talata da hantsi ciwon ya taso mata, har numfashi yana gagararta. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na mayar da kan batir, na murɗa, shiru. Maƙwabta suka fito cikin ruwan suka tura, taya ta nutse a taɓo. Sai na goya Baiwa a baya, Radiyya na biye da lema, har bakin titi. Bas ɗin danfo da muka samu ya maƙale a cunkoso. Mun isa asibiti tana da rai, ana neman jinin da za a ƙara mata Allah ya karɓi abinsa. Ban tambayi likita ko jinkirin ne ba. Ina tsoron amsar.

Bayan addu'ar bakwai, Lamidi, wani mai wayarin da ya zo ta'aziyya, ya matsa sai ya duba motar. Ashe fitilar but ɗin bayan mota ce ba ta mutuwa ko an rufe shi, ita ke tsotse batir. Wayar da ke haɗa batir da jikin mota kuma tsatsa ta cinye gindinta, saura 'yan silalla. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya gama. Ya murɗa sau ɗaya ta tashi. Ya ɗago yana murmushi, da ya ga fuskata sai ya kashe motar.

Na san kwana ne ya ƙare, Yaya, kada ka yi mini wa'azi. Amma don Allah ka zo ka tafi da motar nan. Lafiyarta ƙalau yanzu, kowace safiya tana tashi, kuma duk lokacin da ta tashi sai Radiyya ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Ƙaninka,
Muhammad Sani