An Hana Ni Lasisin Shagon Kawu

Tudun Wada, Zariya.

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya sanyin Jos? Ina fata maigida da yara suna lafiya.

Shagon giyar da Kawu Bulus ya bar mini a Sabon Gari, lasisinsa da sunan marigayin yake, shi ya sa na je ofis neman nawa. Ma'aikacin yana cike takarda ya ce, "An taɓa ɗaure ka?"

Na ce, "Shekara biyu, yallaɓai. Faɗa na yi, na ji wa mutum rauni. Yau shekara tara da fitowata."

Ya ajiye biro. "Malam Ayuba, da wuya. Ba a cika ba mai irin wannan tarihi ba."

Jiya amsa ta zo, an hana ni. Na dawo na zauna a tsakar gida, ban sami wanda zan gaya wa ba. Tun rasuwar Mama ɗakinta a rufe yake, abokai kuma sun janye tun ina kurkuku.

Ban yi nadamar faɗin gaskiya ba, Yaya. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. In da hali ki zo Kirsimeti, ko kwana ɗaya ne.

Ƙaninki,
Ayuba