Injin Haƙar Kuza a Kan Tabarmar Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ilu na Kurfi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifinta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Mu nan lafiya ƙalau muke, sai kewarka. Na san babu gidan wayar da zai kai maka ita, shi ya sa zan ajiye ta a fili, duk wanda ya wuce ya karanta ya yi maka addu'a. Kai ma dai ba ka taɓa ƙin 'yan sauraro ba.

Maganar injin nan ce ta sa na ɗauki biro. Ka san wanda nake nufi, amma saboda masu leƙa takardar, bari in ɗauko ta daga tushe.

Shekara goma sha bakwai ka yi a ƙasar Jos kana aikin kuza, kana zuba wa inji giris. Da aikin ya ja baya ka dawo Kurfi ka kama gonarka, ni a lokacin ina 'yar makaranta. Akwati ɗaya ka dawo da shi, da labari cike da baki. Kullum bayan la'asar, da an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sai ka ɗauko labarin injin haƙa: ya fi masallacin Juma'a tsawo, hannunsa ɗaya ne dogo, gugansa mutum goma za su zauna ciki su ci tuwo, kuma ba shi da taya, da ƙafafu yake tafiya.

Wajen ƙafafun nan ne kullum ake rabuwa da kai. Mutanen Kurfi sun ga katafila, sun yarda da jirgin sama tunda yana kai su Makka ya dawo da su, amma ƙarfe mai taku, a'a. Shugaban masu ja da kai shi ne Baba Tanko mai haƙar rijiya, taubashinka, wanda al'ada ta ba shi damar ya gaya maka abin da ya ga dama, kai kuma ba ka da ikon fushi. Shi ne mai cewa, “Ilu, injin nan naka, takalmi lamba nawa shika sawa?” Shi ya laƙaba maka Ilu Mai Taku, sunan ya bi ka har kasuwa.

Ka taya su dariya shekara ɗaya, shekara biyu. Daga nan ka daina ba da labarin. Daga baya ma ka daina fita tabarmar, sai daga gona zuwa masallaci zuwa ɗaki. Kai da ko kaza ka gani sai ka ba ta labari, ka koma in an gaishe ka ka ce lafiya lau ka ja bakinka. Babu wanda ya taɓa kiranka maƙaryaci ido da ido, amma ka san abin da ake nufi, kuma abin ya ci ka ƙwarai. Ni ma ya dame ni, don gidanmu ya yi shiru irin wanda ban saba da shi ba.

Ana nan, a shekarun tamanin, ina koyarwa a firamare a Dutsin-Ma, shekarata biyu da aure, sai ga Yohanna ya yi sallama a gidana da kwali a hammata. Ka tuna Yohanna, malamin asibitin nan, ɗan Baba Dung abokin aikinka na Jos. Ya je gida hutu, mahaifinsa ya ba shi saƙo. Wani Bature ne zai koma ƙasarsu ya rabar da kayansa, a ciki har da wannan kwali, ko buɗe shi ba a yi ba. Baba Dung na ganin hoton injin haƙa da ke jikin kwalin ya ce wannan na Ilu ne. Saƙonsa kuma gajere: “A ce wa Ilu uwar ɗakinsa ta biyo shi.”

Ranar Asabar na shiga motar Kurfi da kwalin a cinyata. Ba zan manta fuskarka ba da ka ga hoton. Ka cire hula, ka mayar, ka sake cirewa. Sai ka buɗe da sauri, amma babu inji a ciki, sai ƙananan guntayen roba a maƙale da juna kamar ƙashin kifi, da takardar bayani mai zane-zane. Inna ta leƙo ta ce an aiko maka da shara tun daga Jos. Ko a jikinka. Ka ce ai ta gasken ma haka ta zo, gunduwa-gunduwa a jirgin ƙasa, haɗa ta aka yi, kuma kana wurin. Tun daga ranar ba ka ƙara ce wa injin nan “shi” ba, sai “ita”.

Da aka yi dogon hutu na damina, maigidana ya bar ni na zo na zauna. Muka raba aiki ba tare da shawara ba. Yatsunka sun yi kauri da sifana da fartanya, in ka ɗauki guntu sai ya ɓace tsakaninsu. Nawa kuwa sun saba da ɗinkin hula. Ni ke da reza da matsefatar cire ƙaya, ni ke karanta takarda. Kai kuma ka jingina da bangon rumfa bayan azahar, ƙafarka duk taɓon gona, kana ba da umarni. Ba ka kiran sunana saboda ni ce ta fari, sai dai “Malama”, kana jan sunan yadda kowa zai san tsokana ce.

Mun yi faɗa a kan matakala. Na ce takarda ta nuna hagu, ka ce dama take, ka hau ta ya fi sau dubu. Na dage, na yi ta cusa ta a hagu ta ƙi shiga, ashe takardar ce na riƙe a juye. Kwana uku kana tambayata ko haka nake riƙe wa yaran mutane littafi. Amma akwai ranar da kai ma ka kuskure a kan tagar direba, kuma ba ka amsa kuskurenka ba, sai ka ce an sake mata fasali bayan ka baro.

Sai maganar gam. Na cikin kwalin ya bushe ƙamas, ko da allura bai fito ba. Ka ce mene ne abin damuwa a ƙasar da ƙaro ke zuba daga itace? Muka jiƙa ƙaro a 'yar tasa, muka yi ta liƙi. Mako biyu muna aiki, ɗakin injin ya tsaya, hannun ya fara miƙewa, har Inna ta fara zuwa kallo tana yi kamar tsintsiya take nema. Sai aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da safe na ɗaga kwandon da muke rufe ta da shi, na tarar ta durƙushe, bango ya rabu da rufi, kiyashi sun yi layi suna shan ƙaro.

Kuka na fashe da shi, ni matar aure, malamar makaranta. Kai kuwa dariya ka yi har da riƙe ciki. Ka ce ta Jos ma ta taɓa nutsewa a taɓo, kwana tara kuna tono ta, ba wanda ya yi kuka. Muka aika wa Yohanna, ya samo gam wurin wani mai gyaran rediyo a Dutsin-Ma, ya kawo da kansa a kan babur, rigarsa jiƙe sharkaf. Muka wanke guntayen ɗaya bayan ɗaya, muka shanya a faifai, muka fara daga farko. Ban taɓa jin daɗin sake aiki irin na wannan karon ba, don yanzu kowane guntu sai da ka ba ni labarinsa. Bakinka ya buɗe, Baba, ko da yake ni da Inna kaɗai ke ji.

Igiyoyin guga da baƙin zaren ɗinkin hulata muka yi su, na murza da kakin zuma. Ka nuna mini wadda ke ɗagawa da wadda ke ja. Fenti kuma da gashin kaza na shafa. Ranar da na murɗa ɗan ƙaramin faifan da ke naɗe zare, gugan ya tashi daga tabarma yana lilo, sai kawai ka saki jiniya da bakinka, irin wadda ka ce ana busawa kafin ta motsa. Dattijo mai furfura! Inna ta saki ludayi a tukunya don dariya.

Da ka ce za ka fitar da ita ƙofar gida, na yi ƙoƙarin hana ka. Duk ita a kan tire ɗaya ta zauna. Na ce maka Baba Tanko zai ga ɗan abin nan ya sami abin faɗa na shekara goma. Na ce ko in fito in karanta musu rubutun kwalin, inda aka ce ta gaske ta ninka wannan sau ɗari. Ka girgiza kai ka ce, “Tanko bai san takarda ba, igiya ya sani.”

Ranar Juma'a ce bayan la'asar. Ka sa babbar rigarka, ka ɗauki tiren da hannu biyu, ni kuma na maƙale a zaure ina leƙe. Abin da na ji tsoro shi ya faru. Dariya ta tashi tun ba ka ajiye ba, Baba Tanko ya ce, “Wanga ne dodon? Ai jikata ta ɗauke shi da hannu guda.” Kai kuwa ka ajiye tiren a tabarma. Ka ɗauki tsinken tsintsiya ka nuna 'yar ƙofar da ke jikin ɗakin injin, ka ce ta nan kake shiga kullum, kuma ba ka duƙawa.

Nan Baba Tanko ya daina dariya. Mai haƙar rijiya ya san tsawon mutum gaba ɗaya ne, wato buɗin hannuwansa biyu, kuma da gaba yake auna kowace rijiya. Ya karɓi tsinken, ya karya shi daidai tsawon ƙofar, ya shiga aza shi a kan dogon hannun injin yana ƙirgawa a fili. Yana kai goma mutane suka kama taya shi. Ashirin da biyar ya samu. Ya sake daga farko, ya sake samun ashirin da biyar. Ya ce rijiyar da ta fi kowace zurfi da ya taɓa haƙawa, gaba goma sha huɗu ce.

Bai aiki kowa ba, da kansa ya je gida ya kinkimo igiyoyinsa. Ya ba ka bakin ɗaya ka taka, ya shiga aunawa yana ja da baya. Igiyar farko ta ƙare a gindin durumi, ya ƙulla ta biyu, ya wuce ƙofar maƙwabta, jama'a na biye da shi, sai da ya kusa katangar masallaci ya tsaya. Daga can ya ƙwala maka kira, da ƙyar muryar ke isowa, yana tambaya kai ina kake hawa. Ka haɗa hannu a baki ka amsa, “Nan inda kake tsaye, kullum da sahe, da gwangwanin giris a wuya!” Na ga Baba Tanko ya ɗaga kai yana kallon sama, ya daɗe bai sauke ba.

Ya dawo yana naɗe igiya, ya cire hula, ya tsuguna gabanka a gaban kowa. Ya ce, “Ilu, wasana ya wuce gona da iri. Gaskiya ka hwaɗi, ka yahe mani.” Ka ce ka yafe, sai dai ya tashi kada gwiwar tsufa ta ƙi miƙewa. Taubashi dai ba ya tuba duka, yana tashi ya ce to saura maganar ƙafafu. Ka kama ƙafafun nan biyu masu faɗi ka nuna yadda suke dafa ƙasa, jikin ya ɗaga, ya matsa, ka kuma gaya musu da baya take tafiya. Wurin ya kaure da ihu. Ranar sai da liman ya aiko sau biyu kafin aka tashi sallar magariba, kuma daga ranar har ka bar duniya tabarmar nan ba ta ƙara rasa ka ba.

Da ka shigo zaure da tiren ka same ni ina share ido da gefen mayafi. Ka dube ni kana murmushi ka ce, “Tanko ya tuba, Malama. Saura mutum guda.” Na yi dariya, na karɓi tiren, na ce tuwo yana hucewa.

Na gane abin da kake nufi sarai, Baba. Duk shekarun da ake yi maka dariya a waje, ni ma a raina ina bayan Baba Tanko. Na yi 'yar boko, na ɗauka na san iyakar abin da ƙarfe zai iya, ina ganin ƙari kake yi don hira ta yi daɗi. Sai ranar da na karanta lambar nan a jikin kwali, a cikin motar Kurfi, sannan na yarda. Na gaskata kwalin Bature kafin in gaskata ubana. Ashe kana sane tun tuni, kuma ko sau ɗaya ba ka canza mini fuska ba, ka zauna da ni wata biyu kana koya mini igiyar da ke ɗagawa da wadda ke ja. Baba Tanko ya tsuguna a gaban jama'a a ranar, ni kuwa kunya ta riƙe mini baki har aka ɗauke ka.

To ga mutum gudan nan ta zo, yau ita ma da furfurarta, kuma a gaban jama'a. Gaskiya ka faɗa, Baba. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi fiye da tsawon igiya biyu. Ya jiƙan Inna da Baba Tanko, Ya saka wa Baba Dung da zuriyarsa da alheri. Ya haɗa mu a inda za ka ba da labari ba mai ja da kai, ni kuma in zauna a sahun gaba. Amin.

'Yarka ta fari,
Malama Hajara, Dutsin-Ma