Alwyn Ya Kashe da Jifa Ɗaya

Toronto, 9 ga Afrilu

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, shi ma yatsuna sun fara sabawa.

Na ga saƙonki cewa ƙanenmu Alwyn ya kashe kifin wel, ƙatuwar dabbar tekun nan, da jifan mashi ɗaya, ko minti ashirin dabbar ba ta yi ba ta mutu, duk tsibirin Bequia ya fito yana kiran sunansa. Madalla. Da mashina ya yi dai, ni na wasa shi.

Kin ce Mama ta ce, "Yaron nan hannunsa akwai tausayi." To, nawa hannun fa? Wanda na soka na ƙarshe awa uku ya yi yana jan jirginmu cikin jini, yana nishi kamar saniya mai naƙuda, har Baba ya kau da kai. Ba wanda ya tuna haukan da teku ta yi ranar. Har yau ina jin nishin nan in ina goge daɓen asibiti.

Ki ce wa Alwyn na yi murna. Ki faɗa yadda zai yarda, don sau uku ina rubuta masa ina yagewa.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanenki,
Cuthbert