Gwaggo, Sun Sauke Ni Daga Kujerarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki, Gwaggo Mairo. Hauwa ce, 'yar ƙanenki da kika raina a Kwarbai, kika kuma sa ta a hanyar aikin jinya. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma ke kaɗai zan gaya wa wannan magana ki gane ta tun ban ƙarasa ba.

Sun sauke ni daga shugabancin asibitin nan na haihuwa, wanda kika riƙe har kika yi ritaya. Yanzu ina ɗakin ba da kati.

Ina tuna daminar da ruwa ya shigo mana har ɗakin masu jego. Ina sabuwar ma'aikaciya, na tsaya ina neman masu shara. Ina waiwayawa na gan ki kin tattare zane, kin cire takalmi, kina kwasar ruwa da bokiti. Ba ki kira kowa ba. Kunya ce ta sa kowa ya nemo abin kwasa.

Duk Sallah ke kike karɓar aikin ranar, don ma'aikatan da iyayensu ke ƙauye su samu su je gida. Mu a gida muna fushi, tuwon Sallah yana hucewa muna jiranki. Kika ce mana, "Wanda aka ba shugabanci shi ne na ƙarshen tafiya gida."

Ranar da wata yarinyar nas ta yi kuskure wajen yi wa wata mata allura, mijin matar ya zo yana huci. Kika tura yarinyar ɗakin magani kika rufe, kika fito kika ce masa ke ce shugaba, ya sauke fushinsa a kanki. Ya zage ki son ransa. Bayan ya tafi kika zaunar da ita, kika sa ta yi ta gwadawa har ta ƙware.

Da aka ba ni kujerar bayan shekaru, na ɗauka hanya a share take. Na karɓi aikin Sallah. Na wanke ɗakin haihuwa da hannuna. Wadda ɗanta ba shi da lafiya na ce ta je, zan tsaya mata. Amma Gwaggo, ba wanda ya ji kunya. Wasu suka ce neman suna nake yi, wasu suka ga gadon barcina. Kullum da mai biki, kullum da mai suna, ni kuma ina cike gurbi.

Wata Alhamis da rana Sista Rabi, wadda aikin ranar yake hannunta, ta tafi biki Tukur-Tukur ba ta ko gaya mini ba. Ina tsaka da karɓar haihuwar wata aka shigo da wata daga ƙauye, jini ya ɓalle mata. Hannu biyu gare ni. Kafin in raba waccan da jaririnta, in ɗaura wa wannan ruwa, in samo motar da za ta kai ta babban asibiti, lokaci ya ƙure. Ba su fita Ƙofar Gayan ba rai ya yi halinsa. Mijinta manomi ne. Ya dawo ɗaukar kayanta, ya yi mini godiya. Godiyar nan har yau ba ta bar ƙirjina ba.

Da masu bincike suka zo suka tambayi wa ke da alhaki, na yi abin da na ga kin yi. Na ce ni ce shugaba. Na jira ko wani zai buɗe baki. Rabi ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta, sauran suka bar ni da laifin ni kaɗai.

Wadda aka kawo a madadina ba ta taɓa bokiti. A bakin ƙofa ake karɓar mata jaka, ofishinta a rufe, wadda ta makara sai ta ji a jikinta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yanzu kowa yana zuwa a kan lokaci, har Rabi. Sai dai in nas ta yi kuskure ɓoyewa take yi, don ta san ba mai tsaya mata.

Na rasa gane inda abin ya ɓaci. Ko akwai wani abu a tare da ke da ban koya ba, ko kuwa mutanen da kunya ke aiki a kansu sun tafi tare da ke. Da na riƙe su da tsoro, ƙila matar nan tana gidanta yanzu. Wannan tunanin ba ni da wanda zan kai wa.

'Yata, takwararki, ta gama sakandare, ta ce ita ma jinya za ta karanta. Ta tambaye ni yadda kike a wurin aiki. Na ba ta labarinki duka, amma ban iya ce mata ta yi koyi da ke ba. Ki yafe mini, Gwaggona.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowace mace da kika tsaya a kanta. Ya ji ƙan baiwar Allahn nan, Ya raya marayunta. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, don na gaji.

Taki har abada,
Hauwa.